Kwana Goma Sha Tara a Ƙasar da Ba Ta San Dawa Ba

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na je suna a Bungudu a tare ni, in na shiga kasuwar Tsafe a tare ni. Har a motar Gusau wata mata da ban taɓa gani ba ta juyo ta ce, "Ke ce Hajiya Kulun da ta tahi bangon duniya? Wai da gaskiya mutanen can ganye suke ɗaurawa?" Bakina ya gaji. Ga labarin nan sau ɗaya, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Ni dai sana'ata busar da kayan miya: tumatir, kuɓewa, kuka, sai daddawa da nake yi tun ina amarya. Wata ƙungiyar Turawa ta zo Bungudu ta ɗauki hoton shanyata. Bayan watanni sai ga takarda, wai ana gayyatata taro a kan yadda kakanni suke adana abinci kafin zuwan firji da gwangwani. Wurin taron kuwa wata ƙasa ce mai suna Kiribas, 'yan tsibirai ne warwatse a tsakiyar babbar tekun Pasifik. Ba na jin Turanci, kuma ba zan yi irin wannan tafiya ba muharrami ba, shi ya sa aka haɗa ni da ƙanena Nasiru, wanda yake koyarwa a wata kwaleji a Gusau. Nasiru yaron kirki ne, amma tun da ya yi digiri na biyu ya daina tambaya, sai bayani.

Da safe muka tashi daga Gusau. Daga Tsafe zuwa Funtuwa kowa a motar ya yi tsit yana jan carbi, saboda kun san halin hanyar nan da ɓarayin daji. Nasiru kaɗai ne bakinsa bai rufu ba. Ya buɗe kwamfuta a cinya yana nuna min takardar da zai karanta a can.

"Yaya, mutanen nan fa kafin Turawa su je musu ko ƙarfe ba su sani ba. Ba allura, ba wuƙa, ba tukunya. Aikinmu mu wayar musu da kai."

Na ce, "Bari mu wuce dajin nan da kanmu a wuyanmu tukuna, sai ka wayar da na wasu."

Jirgi kuwa ba zan ƙirga muku ba. Daga Abuja zuwa ƙasar Larabawa, daga can zuwa wata, daga can zuwa wata mai suna Fiji. Ƙafafuna suka kumbura kamar an hura salka. Rana ta rikice mini, na rasa azahar na rasa la'asar, sai ramuwa nake yi a kowane filin jirgi.

A Fiji aka yi mini ta farko. Na ɗauko jaka guda cike da kayan da zan nuna a taro. Muna cikin layi sai ga ma'aikaciya riƙe da kare, ƙato, har da 'yar rigarsa. Ya wuce kowa ya zo ya dasa hanci a jakata ya zauna. Aka zazzage komai a kan tebur. Da aka kwance ƙullin daddawa, wani ma'aikaci ya ja da baya ya toshe hanci, ya tambayi Nasiru ko wani abu ne ya mutu a ciki. Suka ce dokarsu ta hana shigo da iri da nama da ganye. Kilishi ya tafi, daddawa ta tafi, kuɓewa ta tafi. Yaji kaɗai suka bar mini, shi ma don da ma'aikacin ya shinshina sai atishawa ta hana shi magana. Ku duba fa: an ɗauko ni tun daga Zamfara don in nuna busasshen abinci, an tsaya a ƙofa an ƙwace busasshen abincin.

Daga nan wani jirgin sama ya kai mu babban tsibirin Kiribas, sai kuma jirgin ruwa mai ɗaukar kaya da mutane ya kwashe mu zuwa ƙaramin tsibirin da za a yi taron. Ya sauke mu, ya ce zai dawo bayan kwana huɗu.

Da na taka ƙasar sai na ce, wannan ai ba ƙasa ba ce, igiya ce aka shimfiɗa a kan ruwa. Ka tsaya a tsakiya, teku a damanka, teku a hagunka, ko gonar mahaifinmu ta Rawayya ta fi ta faɗi. Ba tudu, ba dutse, ba laka. Ba saniya, ba akuya, ba jaki. Ba dawa, ba gero, ba masara. Sai kwakwa, sai alade yana yawo kamar shi ne mai gari. Da lokacin salla ya yi Nasiru ya duba wayarsa ya ce alƙibla yamma take. Na ce to, ƙasar da alƙiblarta ma ta juya baya, me kuma ya rage?

Su kuma mutanen, don mai tambayar ganye ta ji: riga da zane suke sawa kamar kowa, wasu da gajeren wando, matasansu da waya a hannu. An sauke ni a wata 'yar rumfa mai ƙafafu, ba bango, sai tabarmi da ake saukewa. Mai masaukina wata tsohuwa ce sunanta Teretiya, baƙa, gajera, hannuwanta kamar na maƙeri. Da aka gaya mata ba ma cin alade sai ta ware mini tukunya sabuwa ba tare da ta ɓata rai ba. Amma da ta kawo mini ɗanyen kifi an yayyanka a cikin ruwan kwakwa, na ce a gaya mata a garinmu kyanwa ce take cin wannan. Ban sani ba ko Nasiru ya fassara daidai.

Suna da wani ƙaton zaure na jinka a tsakiyar gari inda dattawa suke zama. Bakin jinkar ya sauko ƙasa ƙwarai, da gangan, don duk mai shiga ya sunkuya. Nasiru ya sha babbar riga da hula, yana tafe yana kallon sama, sai ji muka yi ƙum. Hula ta yi gaba, shi ya yi baya. Dattawan ba su yi dariya ba, sai da suka ga ni na fara.

Shugabar taron wata Baturiya ce, ni dai Uwar Taro nake ce mata. Kullum da kyamara a wuya. Ranar farko ta sa dattawa su tuɓe rigunansu su ɗaura ganye, a ɗauke su hoto suna riƙe da takubban da aka jera wa haƙoran kifi. Wani tsoho ya manta bai cire agogo ba, ta sa aka sake. Na ce a raina, ashe ga inda ganyen da ake tambayata yake fitowa. Sannan Nasiru ya tashi ya yi awa guda yana koya musu yadda ake gina rumbun laka. Malamin makarantar garin yana fassarawa, suna gyaɗa kai cikin ladabi. Da ya gama wani dattijo ya ce, "Mun gode. A ina za mu samo lakar?" Nasiru ya ce wannan tambaya ce mai kyau, ya zauna.

Akwai wata al'adarsu da ta fi ba ni haushi. Suna da kalma guda, bubuti. In mutum ya faɗe ta ya roƙe ka abu, ba ka da ikon hanawa, kunya ce babba. Kwana biyu da zuwanmu wani ya ce wa Nasiru bubuti, ya nuna tabaransa. Malamin makaranta ya ce sai haƙuri, a ba shi. Washegari wani ya karɓe tocila. Na ce wannan ai maula ce aka ɗaura wa rawani, na tura jakata ƙarƙashin tabarma na zauna a kai.

Kwana huɗu suka cika, jirgi bai zo ba. Aka ce injinsa ya lalace. Kwana bakwai, shiru. Kantin garin guda ɗaya ne, shinkafa ta ƙare, fulawa ta ƙare, gwangwanaye suka ƙare. Man fetur na kwalekwalen inji ya ƙare. Dama mun tarar da su cikin fari, an daɗe ba a ga ruwan sama ba, tankunan roba duk sun ƙafe, rijiyoyin bakin gari sun fara gishiri. Uwar Taro ta daina ɗaukar hoto. Kullum tana tsaye a bakin teku tana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Sauran baƙin da suka zo da manyan takardu kan yadda ake maganin yunwa suka zauna suna rabon biskit ɗaya su uku.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A rana ta takwas Teretiya ta yafito ni da hannu. Muka shiga wani ɗan ɗaki a bayan gidanta, ta sauko da wasu dogayen ƙunshi na ganye, an ɗaure su tamau da igiya kamar tabarya. Ta kwance ɗaya. Gari ne ja-ja, mai ƙamshi kamar na goriba. Akwai wata bishiya a can mai saiwoyi a waje kamar ƙafafu, 'ya'yanta kamar ƙatuwar abarba. Su suke dafawa, su kirɓa, su shanya, su gasa, su daka. Ta dama shi da ruwa ta miƙo mini. Wallahi fura ce, nono kawai ta rasa. Na kira Nasiru da malamin makaranta na ce a tambaye ta shekararsa nawa. Ta ɗaga yatsu uku. Ni da nake taƙama kuɓewata tana kaiwa wata damina, sai na sunkuya na shanye furata.

Daga ranar na zama jelarta. Ta kai ni wasu manyan ramuka a tsakiyar tsibirin, kakanninsu ne suka haƙa su da ɓawon kifi da hannu har suka tarar da danshi. A ciki suke shuka wani irin gwaza, ganyensa ya fi ni tsawo. Ƙasar yashi ce zalla, don haka kowane tushe sai an saƙa masa kwando an riƙa cika shi da ruɓaɓɓen ganye, shekara da shekaru, kamar ana kiwon ɗan maraƙi. Ta nuna mini rijiyar da ba ta yi gishiri ba, ta hana a jefa guga. Ruwan daɗi a sama yake kwance, na gishiri a ƙasa, sai a hankali ake kwalfa da ƙoƙon kwakwa. Ta nuna mini rumbunsu na busasshiyar kwakwa. Na ga yadda take murza igiya a cinya da zaren ɓawon kwakwa, da ita ake ɗaure gida da jirgi, ba ƙusa ko ɗaya.

Kada ku ce aljanna ce. Na sa aka tambaye ta, in farin ya wuce shekara fa, a zamanin da ba jirgin da zai zo? Ta ce sai a koma cin ciyawar bakin teku da wani ɗan itace mai wari da ko alade ba ya so. In abin ya ƙi, wasu gidaje sukan hau jirgi su tafi neman wata ƙasa. Wasu an ji labarinsu, wasu har yau. Ta faɗe shi ne kamar yadda za ka ce gobe Laraba. Kuma ta nuna matasan da suke zaune a bakin kanti suna jiran shinkafa, ta yi tsaki irin namu sak. Ashe tsaki ba shi da yare.

Nasiru fa ya ƙi furar. Ya ce ba a auna tsabtarta ba. Ya samo wani gwangwanin kifi da ya kumbura a ƙasan kanti ya ci, ya kora da ruwan rijiyar bakin gari. A rana ta goma sha uku ciki ya ɓalle masa, sama da ƙasa. Ɗakin shan maganin garin ba ledar ƙarin ruwa, ba komai sai auduga. Teretiya ta riƙa fasa ɗanyar kwakwa tana ɗura masa, yana sha yana dawowa da shi. Kwana biyu idanunsa suka faɗa, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya. Ya kama hannuna ya ce, "Yaya, in ta Allah ta kasance, ki riƙe min 'ya'yana, su Ummi." Autanmu ke nan, wanda na goya. Na ce, "Rufe min baki, ba a nan za ka bar ni da alade ba." Na fita bayan rumfa na yi kukana.

Malamin makaranta ya nuna mini da hannu cewa akwai asibiti a wani tsibiri, tafiyar yini guda, amma ba mai. Mutum ɗaya ne yake da jirgin iska irin na da, yayan Teretiya, wani tsoho mai suna Baraniko. Shi ne mai agogon nan da aka sa ya cire. Tun ranar hoton ya yi fushi, ya ce ba ruwansa da baƙi. Uwar Taro ta je da takarda da alƙawura, ya juya mata baya yana gyaran komarsa.

Ga ni ba Turanci, ba yarensu, tafintana yana kwance. Kalma ɗaya tak na sani, ita ce wadda na raina. Na je na same shi a gindin kwakwa, na durƙusa kamar yadda ban taɓa durƙusa wa kowa ba tun rasuwar mahaifinmu. Na nuna rumfar da Nasiru yake, na nuna jirgin, na ce, "Bubuti."

Ya dube ni. Ya ajiye komar, ya tashi ya fara kwance igiya.

Da hantsi muka tashi, mu huɗu. Jirgin siriri ne, 'yan katakai ne aka ɗinke da igiya, an ɗaura masa wani gungume a gefe don kada ya kife. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gulbin Bungudu ba, na ƙanƙame itace ina karanto duk abin da na haddace. Teretiya ta ɗora kan Nasiru a cinyarta tana ɗiga masa ruwan kwakwa. Ba a jima ba ƙasa ta ɓace. Ruwa gaba, ruwa baya. Tsohon nan ba waya, ba takarda. Wani lokaci sai ya rufe ido ya yi shiru, yana jin yadda igiyar ruwa take dukan cikin jirgin, sai ya ɗan karkata. Ya dubi gajimare, ya dubi wasu fararen tsuntsaye. Bayan la'asar ya nuna wani gajimare da ya tsaya cak, ƙasansa da ɗan kore-kore. Ban ga komai ba. Kafin rana ta faɗi sai ga kawunan kwakwa suna fitowa daga cikin ruwa. Nasiru ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Yaya, da wace na'ura ya gano?" Na ce, "Da wadda ka zo wayar masa."

Leda huɗu na ruwa aka ƙara masa. A rana ta uku a asibitin ya tashi zaune ya nemi abinci, kuma furar da ya ƙi ita ya sha, har yana lashe ƙoƙo. Teretiya da yayanta suka yi shirin komawa. Na ciro zanena mafi kyau da sauran yajina na ba ta. Ta shinshina yajin ta yi atishawa har da hawaye, ta ƙulle shi a gefen zane. Sannan ta sa ma'aikaciyar asibitin ta tambayi Nasiru, shi kuma ya tambaye ni.

"Wai ta ce ta nuna miki nasu. Ku fa? In ruwa ya ƙi zuwa, rumbu ya ƙare, me kakanninki suke ci?"

Na buɗe baki da ƙarfina. Na ce tafasa. Na ce anza, 'ya'yan itacen dajin nan. Ta ce yaya ake yin ta? Na san anza tana da ɗaci, na san in ba a gyara ta ba tana illa, amma ruwa nawa ake canza mata, kwana nawa ake jiƙa ta, wallahi ban sani ba. Na tsaya ina inda-inda. Ta gyaɗa kai, ta dube ni irin kallon da ta yi wa matasan bakin kanti. Ba ta yi tsakin ba, don ni baƙuwa ce. Gara ma a ce ta yi.

A rana ta goma sha tara jirgin kaya ya biyo ta nan ya kwashe mu, da Uwar Taro a ciki ta rame kamar kara. Dawowa ba wani labari, sai dai karen Fiji ya shinshina jakata ya wuce, don ba abin da ya rage a ciki.

Nasiru ya rubuta rahoto shafi arba'in. Ya karanta mini wurin da ya ce tawagarmu ta yi nasarar faɗakar da al'ummar tsibirin. Na ce ya ƙara da cewa a kwance ya yi faɗakarwar.

Ni kuwa kwana biyu da sauka na hau mashin zuwa Rawayya, wurin Inna Tumba, ƙanwar kakarmu, wadda ta ga yunwar da ake ba mu labari muna yara. Rabona da ita tun wata salla da ba na iya tunawa. Na same ta a kan tabarma tana tsince wake, ido ya yi rauni amma kunne garau. Na gaishe ta, na ajiye goro, na ce, "Inna, anza na taho tambaya. Yadda ake gyaranta, da abin da kuka ci a shekarar nan."

Ta ɗago kai. "Wa ka magana? Kulu? Kulun da aka ce ta tahi ƙasar ruwa?"

"Ni ce, Inna."

"Jirgi nawa kika hau?"

Na ƙirga na ce, "Zuwa da dawowa, ya kai goma."

"Daga Bungudu zuwa nan fa?"

"Mashin ɗaya, Inna."

Ta ci gaba da tsintar wakenta har na ɗauka ta manta da ni. Can ta turo mini faifan da ƙafa.

"Zamna ki tsince wanga tukuna. Shekara talatin ina jiran mai tambaya, ke ma kya iya jiran in gama."